Sawun Ƙafar da Aka Binne

A ƙauyukan bayan Durba, in an kwance wa mutum rago ko an fasa masa rumbu, ba ofishin 'yan sanda yake fara nufa ba, gidan Malam Uzairu mai bin sawu yake yin sallama. Shekara arba'in ke nan tsohon yana sunkuye yana karanta ƙasa, kuma bai taɓa kai mutane ƙofar gidan da ba shi ba. Wannan ne abin taƙamarsa, shi ne kuma ya sa masa taurin kan da ko matarsa ta gaji ta haƙura. Cewa yake baki na ƙarya, ido na ruɗuwa, amma ƙafa ba ta iya munafunci ba. Duk wani baligi na yankin ya san takunsa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta.

Wata Laraba, damina ta yi tsaka, dawa ta kai ƙirji, aka aiko masa cewa shanu sun faɗa gonar Alhaji Muntari. Gonar nan kuwa da tarihinta. Bara ma shanun rugar su wani makiyayi Lado ne suka shige ta, da ɗan Alhaji ya yi magana sai Manu, ƙanin Lado, ya ɗaga sanda ya rotsa masa kai. Da ƙyar aka kashe wutar. Sharaɗin da aka yi sulhu a kansa gaban Mai Unguwa Ramalan shi ne Manu ya bar yankin, kuma duk ranar da aka sake ganin ƙafarsa a nan, rugar gaba ɗaya za ta tashi. Ruga ce ta shekara talatin da wani abu a kan filin aro, da gonakinsu da rijiyarsu da kaburburan iyayensu.

An yi ruwa da hantsi, ƙasa ta yi laushi, komai a rubuce yake ɓaro-ɓaro. Malam Uzairu ya kori 'yan kallo baya, ya naɗe ƙafar wando ya bi. Shanu goma sha ne suka ɓalle daga burtali suka shiga ta gabas. Ga kuma sawun mutum ɗaya, ya taho a guje daga wajen rafi. Bai bi bayan shanun ba, zagayawa ya yi ya tare gabansu ya koro su waje, ba don haka ba da rabin gonar ta tafi. Tsohon ya zari busasshen kara daga jikin shinge, ya auna tsakanin taku da taku, ya datse shi daidai tsawon. Ya gwada nan, ya gwada can. Dama da hagu duk ɗaya, dogon taku irin na mai jini a jika.

Sai takalmin. Ya daɗe tsugune a kansa. Rufaffen takalmin roba ne, na hagu da faci a dunduniya, kuma ya san facin sarai. Na Lado ne.

"Ahaf," ya ce a ransa. "Ni yaran nan za su yi wa wayo?"

Domin kuwa Lado ba shi da ƙafar hagu. Shekara uku da suka wuce kububuwa ta sare shi a idon sawu, aka ɓata kwanaki wurin mai magani, kafin a kai shi Kano ƙafar ta riga ta mutu, aka yanke ta ƙasan gwiwa. Malam Uzairu ba labari aka ba shi ba. Da aka kawo ƙafar naɗe cikin farin ƙyalle, shi ya haƙa ramin a gefen maƙabarta, shi ya mayar da ƙasar. Daga baya an yi wa Lado ƙafar roba, kuma takunsa da ita ko makaho ya shafa zai gane: ɗaya dogo, ɗaya gajere, ga ramin sanda a gefe. To ina wannan ina gudun barewa?

Abu ɗaya ya ɗan tsaya masa a rai. Sawun hagu ba ya watso ƙasa ta wajen yatsu kamar na dama, a shimfiɗe yake sauka ya tashi. Nan take ya sama masa amsa: ƙafar roba ta buɗa takalmin hagun, ya yi wa mai aron yawa. Manu ne ya dawo a ɓoye, ya zura takalman wansa don in ta ɓaci a ɗora wa wanda ba za a taɓa ba.

Da la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, gindin tsamiya. Aka kawo Lado a bayan babur da sandunan guragu biyu, ƙafar wandonsa ta hagu a ɗaure, babu ƙafar robar.

"Ranka ya daɗe, ni ne a bayan shanun," in ji shi, kansa a ƙasa. "Wata karsana ce ta maƙale a rafi, ina fama da ita sauran suka ɓalle. Ni na yi gudun. Duk abin da aka yanka mini na ɗauka."

Wani ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi. Alhaji Muntari ko murmushi bai yi ba.

"Ku ji rainin hankali!" ya ce. "Malam Uzairu, faɗa mana abin da ƙasa ta ce."

Tsohon ya miƙe da karansa a hannu. "Takalmi na Lado ne, amma ƙafar da ke ciki ba tasa ba ce. Lado, ka ji tsoron Allah. Mai gudun nan ƙafa biyu gare shi lafiyayyu. Taka ɗaya ni na binne ta da hannuna."

"Baffa, wallahi ni ne. Wata takwas ke nan ana koya mini gudu a Rano."

"Gudu? Mai ƙafa ɗaya ake koya wa gudu? To ga fili ga mai doki. Tashi ka yi mu gani."

Lado ya ce, "Gudun cikin taɓon nan ya saɓule mini fatar dungun. Yau ko sa ƙafar ba na iyawa."

"Dama na san za a rina," in ji Malam Uzairu, ya koma ya zauna.

Mai unguwa ya shafa gemu, don shi ma ba da son ransa za a tashi rugar ba. "Sharaɗi sharaɗi ne," ya ce. "Na ba ku zuwa la'asar ɗin Lahadi. In ba ku kawo abin da zai karya maganar Malam Uzairu ba, ku fara haɗa kaya."

Ana watsewa Lado ya dogaro sandunansa ya tsaya gaban tsohon. "Baffa, ranar Asabar ka zo Rano, filin makarantar da ke bayan asibiti. Ka zo da karanka."

Kwana biyu Malam Uzairu yana juya maganar. Kowa ya san Lado na zuwa Rano duk Asabar, wai gyaran ƙafa. Wace irin ƙafa ce kullum sai an gyara ta? Sai ya ga bakin zaren: a can yake haɗuwa da Manu, a can ake kitsa komai. Don haka da Asabar ta zo ya hau acaɓa tun da sassafe, bai gaya wa kowa ba. Ba kallon gudu ya tafi ba, sawun Manu ya tafi kamawa.

Kafin ya kalli fuskar kowa sai da ya zagaye filin kaf, daga bakin ƙofa har bayan ajujuwa, idonsa a ƙasa. Babu sawun Manu, ko tsoho ko sabo. Abin da ya tarar sai ya ƙara dagula masa kai: sawaye birjik da bai san inda zai ajiye su ba, wasu kamar na mutum biyu a jikin mutum ɗaya. Sai a lokacin ya ɗaga kai.

Mutum bakwai ne a filin, maza biyar, mata biyu a gefe guda, kowa da ƙafar roba, wasu sun naɗe wando ana ganin ƙarfen. An shimfiɗa igiyoyi a ƙasa, dogaye, kowace da ƙulli-ƙulli a jikinta. Mai koyarwar wata 'yar guntuwar mata ce da hijabi da takalmin gudu, Malama Sa'adiya, ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi, muryarta ta fi jikinta girma. Tana tafa hannu, wani ƙaton mutum na tahowa gefen igiyarsa yana tsalle-tsalle, wani ma'aikaci na biye da shi riƙe da ɗamarar da aka ɗaura masa a kugu.

"Malam Mahdi, ba ƙwai kake takawa ba!" ta ɗaga murya. "Sakar mata nauyinka. Kana tausaya mata, ita ko ba ta san ciwo ba. Ja ƙasa baya da cinyarka, ja! Hannu fa? Wa ya ɗaure maka hannu? Sake daga farko."

Lado na zaune kan benci da sandunansa. Da ta ga ya miƙe yana gaida tsohon, sai ta tsayar da tafin ta ƙaraso ta rusuna.

"Baba, sannu da zuwa. Kai ne mai karan?"

Ka ji! Har karan ta sani. An shirya masa ke nan. Ya amsa gaisuwar a daƙile.

"Ina da hotonsa mai motsi a waya yana gudu," ta ce. "Bari in nuna maka."

"Bar wayarki, 'yata. A cikin waya na ga kyanwa na tuƙa mota." Ya dube ta sama da ƙasa. "Ni tambaya gare ni. Me kuke samu a ciki? Mutum Allah ya rage masa ƙafa, ya samu yana ɗan takawa, ku ce sai ya yi tsere?"

"Ba tsere ba ne, Baba. Ka ga waccan mai koren hijabin? 'Yarta mai koyon tafiya ce ta nufi titi, tana gani ta kasa cim mata, Allah ne ya tsare. Shi ya kawo ta. Shi kuma wannan," ta harari Lado, "cewa ya yi makiyayin da ba ya gudu rakiya kawai yake wa shanu. Na ce masa kar ya kuskura ya yi gudu a taɓo, ga shi ya je ya ɗaye dungunsa. Sati biyu ba shi ba ƙafar."

Sati biyu! Tsohon ya yi murmushin gefen baki. Bakinsu ɗaya, har wa'adin Lahadin sun tsallake.

"Waɗannan igiyoyin fa?" ya ce.

"Mai ƙafar roba tsoronta yake, sai ya riƙa saurin ɗauke nauyi daga kanta, takunsa ya zama ɗaya dogo ɗaya gajere. A haka in ya ce zai yi gudu, ƙasa zai sha. To kowa ina yi masa igiyarsa. Duk inda ƙulli yake nan zai ajiye ƙafa, dama a wannan, hagu a na gaba. In ya saba sai in kwance in ƙara nisa." Ta jawo wata daga cikin buhu. "Ga ta Lado."

Ya karɓa kamar an miƙo masa maciji. Ya shimfiɗa ta da kansa, ya ja ta miƙe, ya ɗora karansa tsakanin ƙulli da ƙulli. Cif! Ya matsa gaba, cif. Har ƙarshen igiyar bai sami ko faɗin yatsa na bambanci ba.

Amma Malam Uzairu ba a saye shi da araha. Lado ya ga karan ranar Laraba, me zai hana su ƙulla igiya jiya-jiya? Ya sa farce zai kwance ƙulli ɗaya, ya ji shi kamar tsakuwa. Laka ta shiga ta bushe, ta sake shiga ta sake bushewa, gashin igiyar ya cinye saboda taku. Wannan ba ƙullin kwana uku ba ne. Ya bi igiyar da yatsa a hankali, sai ya fara jin wasu 'yan lanƙwasa, gurbin tsofaffin ƙullin da aka kwance. Na farko-farko kusa da juna suke, irin takun mai tsoro. Na bayansu sun ɗan buɗe, na bayansu sun ƙara buɗewa. Wata takwas ɗin nan gaba ɗaya suna kwance a jikin igiyar, kuma shi da ya karanta ƙasa shekara arba'in ba zai ce bai iya karanta wannan ba.

Yana tsugune Malam Mahdi ya wuce ta gabansa a guje, wannan karon ba mai riƙe da ɗamara, ya ratsa wani wuri mai damshi. Tsohon ya ja jiki ya duba. Ƙafa mai rai ta watso ƙasa ta wajen yatsu. Ta roba ta sauka a shimfiɗe ta tashi a shimfiɗe, sak wanda ya gani a gonar Alhaji ya ce takalmin aro ne.

Kunya ta rufe shi. Yaushe ma rabon da ya tsaya ya dubi sawun Lado? Ya fi shekara biyu. Takun da yake rantsuwa da shi na watannin farko ne. Tun ranar da ya mayar da ƙasa kan ƙafar nan ya cire yaron daga cikin mutanen da ake duba sawunsu.

"Me ya sa ka ɓoye?" ya tambayi Lado, bai iya kallonsa ba.

"Baffa, wata uku na farko faɗuwa nake kamar sabon maraƙi. Ka san mutanenmu da baki. Na ce sai na iya tukuna."

Ranar Lahadi tsamiyar mai unguwa ba masaka tsinke. Mutanen ruga sun zo har da tsofaffin mata, sun rakuɓe gefe. Malam Uzairu ya miƙe, ya ce abin da bai taɓa faɗa ba tunda uwarsa ta haife shi.

"Ranka ya daɗe, na yi kuskure. Sawun nan na Lado ne. Manu bai zo ba."

Wurin ya kaure. Ya fito da igiyar zai yi bayani, Alhaji Muntari ya tari numfashinsa.

"Igiya? Igiyar ɗaurin akuya za ka kawo mana shaida? Ranar Laraba ka ce ƙafa biyu lafiyayyu, yau ka ce ɗaya. Malam Uzairu, ƙwaryar nono nawa aka kai gidanka?"

Maganar ta soke shi har ƙashi. Ya dubi mutane, ya ga abin da bai taɓa gani a idonsu ba, irin kallon da shi yake wa wasu. Ko mai unguwa kawar da kai ya yi. "Magana biyu daga baki ɗaya," ya ce a sanyaye, "wacce zan ɗauka?"

Sai aka ji ƙarar maɗauri. Lado ne zaune a ƙasa, ya fito da ƙafar robar daga cikin buhu, yana jan safa kan dungun yana cije leɓe.

"Kai yaro, Malama ta ce sati biyu," in ji tsohon.

"Baffa, in na jira sati biyu, a wace ruga zan kwana?"

Aka share fili daga tsamiya zuwa bakin rijiya, aka yayyafa ruwa. Lado ya miƙe, ya jefar da sandunan. Takun farko ya yi tangaɗi, na biyu fuskarsa ta murɗe don zafi, na uku ya fara ɗingishi, ɗaya dogo ɗaya gajere. Wani ya yi tsaki. Malam Uzairu bai san lokacin da ya ajiye kara ya fara tafa hannu ba, ɗaya biyu, ɗaya biyu, yadda ya ga ana yi a Rano.

"Sakar mata nauyinka!" ya ji kansa yana ihu. "Hannu fa? Wa ya ɗaure maka hannu?"

Lado ya ɗago kai, kafaɗunsa suka buɗe, ya saki jiki. Ya wuce mutane rigarsa na kaɗawa, ya zagaye rijiyar kamar mai tare gaban shanu, ya dawo har gindin tsamiya ya zube zaune.

Tsohon ya ɗauki karan ya miƙa wa Alhaji Muntari. "Ni an saye ni da nono. Auna da kanka, sannan ka je gonarka ka auna, sawun na nan."

Alhaji ya tattare babbar riga ya tsuguna. Ya wuce takun farko guda uku, ya ɗora karan. Ya matsa ya sake ɗorawa, ya sake. Ya daɗe yana kallon facin dunduniyar. Da ya miƙe sai ya mayar wa tsohon karansa da hannu biyu.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. Ruga na nan inda take. Ɓarna kuwa Lado ya yi ta, don haka da kaka zai kai wa Alhaji dawar kusurwar da shanu suka ci. Wata tsohuwa daga mutanen ruga ta fashe da kuka tana salati.

Malam Uzairu ya je ya durƙusa kusa da Lado. Yaron ya kwance ƙafar, safar ta jiƙe da jini.

"Ka yafe mini, Lado. Na ƙaryata ka a gaban jama'a."

Lado na haki, hawaye na zuba, amma dariya yake. "Baffa, shekara uku ke nan ko kaza ta ɓata ba wanda ya waiwayi inda nake. Ko ranar Laraba da na ce ni ne, dariya aka yi. Yau an ci ni tara, Baffa. Ni aka ci tara!"

Tsohon ya ɗaga kai. Ya ga mutane sun fara watsewa za su bi ta kan filin da aka share, sai ya miƙe da sauri ya daka musu tsawa su zagaya. Ya koma bakin sawun ya tsuguna, ya fara bin sa tun daga takun farko, don ya san shi.